Ƙwan dala 50 da ya ci kyautar dala miliyan 10

Ranar 22 ga Afrilun 2012, ranar da Amurkawa suke ware wa muhalli duk shekara, wani ƙwan lantarki na LED, wato mai haske da 'yan ƙananan ƙwayoyi maimakon zare, ya shiga kantunansu wanda in ka gan shi a kashe ba za ka ce ƙwan fitila ne ba, ruwan ɗorawa ne an tsaga shi gida uku ga ƙarfe ya riƙe gindinsa, sai an kunna shi sannan ya koma fari. Kuɗinsa dala 60, kamfanin Philips da ya ƙera shi ya yi rangwamen 10 ya dawo dala 50. A kanta ɗaya da shi kuma ga tsohon ƙwai mai zare nan wanda ko dala ɗaya bai kai ba. To kuma wannan mai tsadar shi ne Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ɗauki dala miliyan 10 ta ba masu shi kyauta wata takwas kafin nan, a gasar da aka ce an shirya ta ne don a samu ƙwan da kowa zai iya saye. Dole a yi dariya mana, kuma an yi, jaridu sun yi 'yan majalisa sun yi.

Ni dai a ganina masu dariyar suna da gaskiya a kan kuɗin, dala 50 ta yi yawa ko ta ina aka duba. Inda suka yi kuskure shi ne da suka ɗauka ƙwan shi ne labarin. Abin da ma'aikatar ta yi mai amfani yawancinsa aiki ne mara armashi, gwaji ne da aune-aune da rubuta sakamako a fili, kuma sai an koma baya wajen shekara 30 kafin a gane me ya sa suka nace a kan hakan.

Tsohon ƙwai mai zare dai kowa ya san shi, wuta ce take bi ta wani siririn zare ya yi zafi har ya yi haske. Matsalar, wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ragowar ce haske, kusan dai hita ce mai ɗan haske a gefe. Mai wat 60 yana ba da hasken da ya kai lumen 800, lumen shi ne ma'aunin yawan haske, ka ga kowane wat yana haifar da lumen 13 ko 14 ke nan, sannan bayan awa 1,000 ya ƙone a sayi wani.

Magajin da aka fara yi masa shi ne murɗaɗɗen ƙwan nan da ake kira CFL, wanda ya fara fitowa kasuwa a farkon shekarun 1980. A takarda ba shi da laifi ko kaɗan, kashi ɗaya cikin huɗu na wutar tsohon yake sha kuma ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba. Amma da ya shiga gidajen mutane sai labari ya sha bamban. Na farko-farkon manya ne ba sa shiga fitilun da mutane suke da su, wani in ka kunna sai ya yi ta ƙifta ido, wani yana ƙara kamar sauro, wani sai ya ɗau minti guda yana ɗumi kafin haske ya cika ɗaki, hasken ma wani fari-fari mai sa fuskar mutum ta yi kamar marar lafiya, ba ya aiki da makunnin rage haske, ga zaiba a cikinsa in ya fashe sai an bi a hankali. Mafi muni a kwali an rubuta zai yi shekara kaza sai ya mutu a wata shida. Kamfanonin rarraba wuta kuma da aka matsa musu su rage shan wuta sai suka riƙa sayo masu araha suna rabawa kyauta ko a rabin kuɗi, to ka ga mutumin da ƙwansa na farko ya zama irin wannan ai ya gama yanke hukunci, ko bayan shekara goma an gyara kayan ba zai dawo ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

A 2006 ɗakin binciken gwamnati na PNNL da ke garin Richland a jihar Washington ya fitar da rahoto a kan wannan tarihi, ma'aikatar ce ta sa su yi, kuma manufar a fili take, a gano inda aka yi tuntuɓe da CFL kada a maimaita da LED. Abin da suka gano ba wani sirri ba ne, kada a tura kaya kasuwa bai nuna ba, kada a yi ƙarya a kwali, a kai kayan inda mutane suke sayen ƙwai da ma, don an daɗe CFL ba ya samuwa a kantunan cefane inda yawancin mutane ke ɗaukar ƙwai, sannan a yi wa mai saye bayanin abin da yake saya da harshen da yake ji. Bayan shekara 20 da ɗoriya a kasuwa rabon CFL bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ina ganin wannan rahoton ya fi ita kanta gasar muhimmanci, don ba kasafai ake samun hukuma ta zauna ta rubuta da hannunta cewa abin da muka yi shekaru muna tallatawa mu ma da hannunmu a lalacewarsa ba.

Shi LED ba gwamnatin Amurka ce ta ƙirƙiro shi ba, wannan a ajiye shi a gefe tukuna. Ja an same shi tun 1962, shuɗi ne ya gagari kowa har sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano a Nagoya da kuma Shuji Nakamura a kamfanin Nichia suka shawo kansa a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Da zarar an samu shuɗi an samu fari, sai a shafa wani sinadari mai suna fosfo ya juya wani ɓangare na shuɗin zuwa ɗorawa su gauraya su ba da fari. Ruwan ɗorawar da ke jikin ƙwan Philips ma fosfo ɗin ne, sun ɗaga shi daga kan ƙwayoyin LED ɗin sun mayar da shi murfi don kada zafi ya dame shi.

To zuwa tsakiyar shekarun 2000 ƙwayayen LED na gida sun fara ɓullowa kuma tarihi ya fara maimaita kansa sak. Kowa ya rubuta abin da ya ga dama a kwali, wannan ya ce nasa daidai yake da wat 60, wancan ya ce nasa zai yi awa 100,000, kuma babu mai iya ƙaryata su don ko hanyar aunawa da kowa ya yarda da ita babu. Nan ma'aikatar ta fara wani shiri a 2006 mai suna CALiPER wanda ni shi ya fi burge ni a duk labarin. Abin da suke yi kawai su je kasuwa su sayi ƙwai kamar kowa ba tare da kamfanin ya sani ba, su kai ɗakin gwaji mai zaman kansa a auna, sannan su buga sakamakon kowa ya gani, ga abin da kwali ya ce ga abin da na'ura ta ce. A zagayen farko kaya da yawa sun sha kunya, hasken bai kai abin da aka rubuta ba, wasu ma nesa. Ba su ci tarar kowa ba, ba su rufe kamfanin kowa ba, lamba kawai suka ajiye a fili, amma masu sayen kaya da yawa irin su manyan kantuna da kamfanonin wuta da hukumomin birane sun samu abin riƙewa a hannu in dillali ya zo yana zuba. Zuwa 2008 ƙungiyar injiniyoyin haske ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin awo guda biyu, LM-79 na auna hasken ƙwai gaba ɗayansa da LM-80 na auna yadda haske ke raguwa da tsufa, ma'aikatar ta sa hannu sosai wajen ganin an yi su, kuma har yau da su ake aiki.

Ita gasar daga doka ta fito. Ranar 19 ga Disamban 2007 shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata babbar dokar makamashi, a ciki akwai sashen da ya ce daga Janairun 2012 ƙwai mai wat 100 dole ya rage shan wuta da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, mai 75 ya biyo baya a 2013, masu 60 da 40 a 2014. Dokar ba ta kama sunan ƙwai mai zare ta haramta ba, mizani ta sa, shi ya sa ma ƙwan halojin, wanda shi ma mai zare ne amma ya fi tsimin wuta, mai wat 43 ya tsallake ya maye gurbin mai 60 na wasu shekaru. A cikin dokar kuma aka umarci ma'aikatar ta sa gasa, ita ce L Prize, aka buɗe ta a watan Mayun 2008.

Sharuɗɗan a lokacin kamar an ce a kamo iska ne. Ƙwan ya ba da fiye da lumen 900, kada ya wuce wat 10, wato lumen 90 ko fiye a kowane wat, ya yi awa 25,000 haskensa bai faɗi ƙasa da kashi 70 ba, ya watsa haske ko'ina kamar tsohon ba kamar tocila ba, launin hasken ya zama mai ɗumi irin wanda ido ya saba da shi, kelbin 2,700 zuwa 3,000 a ma'aunin launin haske, ya fitar da ainihin launin abubuwa da maki sama da 90 cikin 100, ya yarda da makunnin rage haske, kuma ya shiga ramin da tsohon ke shiga. In ka lura kusan kowane sharaɗi amsa ce ga wani ƙorafi da aka yi a kan CFL, girma, launi, rage haske, tsawon rai, duk ciwon da aka ji aka jera. Bayan wannan sai an nuna za a iya ƙera shi da yawa, kuma kaso mai tsoka na aikin a cikin Amurka. Wannan na ƙarshen a riƙe shi, zai dawo ya ciji gasar.

Wasu kamfanoni sun ce suna da niyya, amma Philips ne kaɗai ya kai ga miƙa kaya, a watan Satumban 2009, ƙwai 2,000. Gasa mai ɗan takara ɗaya dai, wannan ma abin a yi gunaguni ne, amma ba a ce tunda kai kaɗai ne zo ka karɓa ba, wata 18 aka yi ana gasa wa ƙwan nan aya a hannu. An auna wasu a ɗakunan gwaji masu zaman kansu. An ɗauki 200 an kai Richland an jera su a wani akwati da aka gina musamman, zafinsa digiri 45 ba dare ba rana, don zafi shi ne babban abokin gabar LED, ba ya mutuwa farat ɗaya kamar mai zare, dushewa yake yi a hankali kuma zafi ne ke gaggauta dushewar. Tunda ba za a jira awa 25,000 ba kafin a yanke hukunci, don wannan kusan shekara uku ce a kunne, sai aka tsaya a awa 7,000 aka yi lissafin inda layin ya dosa, lissafin ya nuna zai kai ƙarshe da sama da kashi 99 na haskensa.

Akwai kuma gwajin azaba, a kai shi sanyi mai tsanani a dawo da shi zafi, a sa masa laima, a girgiza shi, a ɗaga masa wuta a sauke, a ba shi gurɓatacciyar wuta, kuma a gefensa aka jera CFL masu kyau don kwatance. CFL ɗin duk sun mutu kafin a gama, na Philips suna ci. Sannan aka raba sama da 1,300 ga kamfanonin wuta da ƙungiyoyin da suka shiga shirin, su ɗaura a wurare na gaske a sassan Arewacin Amurka, gidaje da otal da asibiti da gidajen abinci da kantuna, a tambayi mutanen da ke zaune ƙarƙashin hasken ko ya yi musu. Wannan na ƙarshen shi ne abin da ba a yi wa CFL ba tun farko, an tambayi mita ba a tambayi ido ba.

Ranar 3 ga Agustan 2011 aka sanar Philips ya ci, lokacin Steven Chu ne sakataren makamashi, shi ma mai Nobel ne a fiziks. Ma'aikatar ta ce da za a cire duk ƙwan wat 60 da ke ƙasar a sa wannan da an tsimi yunit biliyan 35 na wuta a shekara, kuɗinsa wajen dala biliyan 3.9, da tan miliyan 20 na hayaƙin kabon. Irin wannan lissafi na "da za a" ni ba ya burge ni sosai, don ba a taɓa cire duka ba kuma ba da wannan ƙwan aka cire ba, amma dai yana nuna girman abin da ake magana a kai.

Lokacin kuma bai yi musu daɗi ba sam. A watan Yulin shekarar 'yan Republican a majalisar wakilai sun yi yunƙurin soke mizanin ƙwan gaba ɗaya bai samu ƙuri'un da yake buƙata ba, ɗaya daga cikinsu Michele Bachmann ta daɗe tana yawo da ƙudirinta na 'yancin zaɓen ƙwai, maganar ta tashi daga lissafin wuta ta koma wai gwamnati ta shigo har ɗakin kwana tana zaɓa wa mutum fitila. Wata guda bayan sanarwar kyautar kamfanin sola na Solyndra, wanda wannan ma'aikatar ta tsaya masa ya ci bashin dala miliyan 535, ya durƙushe. A Disamba majalisa ta hana ma'aikatar kashe ko sisi wajen tilasta bin mizanin, duk da masu ƙera ƙwan sun riga sun juya masana'antunsu don haka abin bai canja komai a kanta ba. A cikin wannan ƙura ƙwan dala 50 ya fito, ai kuwa an samu abin nunawa.

Kuma masu sukar ba daga iska suka ɗauko ba. Takardun gasar sun sa burin farashi, dala 22 a shekarar farko, 15 a ta biyu, 8 a ta uku, amma da lissafin rangwamen da ake sa ran kamfanonin wuta za su yi. A wasu yankuna an samu rangwamen, a wasu babu. Sharaɗin ƙerawa a gida ya ƙara masa nauyi, ƙwayoyin LED ɗin a San Jose ta California ake yi a harhaɗa a Wisconsin, ga kayan ciki masu tsada don har jan LED suka ƙara a kan shuɗin saboda launi ya fita ba tare da an ƙara shan wuta ba. An nemi abu ya fi kowa kyau, a yi shi a gida, kuma ya yi araha, duka a lokaci ɗaya, to ba a cika samun ukun nan a tukunya ɗaya ba.

Masu kare ƙwan kuma sai su fito da kalkuleta, kuma lissafinsu daidai ne. A awa 25,000 mai wat 60 zai sha yunit 1,500, wannan zai sha 250, bambanci 1,250, a farashin wutar gida na Amurka a lokacin wajen santi 12 a yunit ka tsimi kusan dala 150 ke nan ban da kuɗin tsofaffin ƙwayaye 25 da ba ka saya ba. Sai dai in awa uku kake kunna shi a rana awa 25,000 shekara 22 ce da ɗoriya, abin da zai dawo aljihunka a shekara dala shida da 'yan kai ne, sai ka yi shekara bakwai ko takwas kafin ka mayar da kuɗinka, kuma mai haya da zai tashi baɗi ina ruwansa. Ƙari a kan haka ba da mai zare kaɗai yake takara ba, ga CFL mai wat 13 ko 14 nan a 'yan daloli, tsakaninsu wat uku ko huɗu ne kacal. Mutumin da ya tsaya a gaban kanta ya ajiye ƙwan dala 50 ba jahilci ne ya sa shi ba, shi ma lissafi ya yi.

Wajen wayar da kai kuwa abin da ya yi aiki ba wani babban kamfe ba ne, ɗan akwati ne a bayan kwali. Shekara da shekaru mutane da wat suke auna haske, a ba ni mai 60 a ba ni mai 100, alhali wat awon shan wuta ne. Da zarar ƙwan wat 10 ya yi hasken mai 60 wannan harshen ya rushe, kuma a irin wannan ruɗani ne ɗan damfara ke cin kasuwa. Ma'aikatar ta fara da lakabin sa-kai mai suna Lighting Facts inda kamfani zai kawo sakamakon gwaji kafin a ba shi, sannan daga Janairun 2012 hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta wajabta irinsa a kwalin ƙwai, an yi shi ne da siffar akwatin bayanin sinadaran abinci da Amurkawa suka saba gani, lumen nawa, kuɗin wuta a shekara, shekara nawa zai yi, hasken mai ɗumi ne ko mai sanyi, wat nawa, akwai zaiba ko babu. Saƙon da aka yi ta maimaitawa gajere ne, 800 shi ne tsohon 60 ɗinka, 1,600 shi ne 100. Ga kuma tambarin Energy Star da yake nan tun 1992, wanda kamfanonin wuta suka riƙa ɗaure rangwamensu da shi, ka ga kuɗin tallafi ya daina bin kayan banza kamar zamanin CFL.

Akwai wani bincike da malaman jami'o'in Pennsylvania da Duke suka buga a 2013 da ya kamata duk mai aikin wayar da kai ya san shi. An ba mutane kuɗi da zaɓi tsakanin mai zare na santi 50 da CFL na dala ɗaya da rabi, an kuma faɗa musu wanda ya fi tsimi. Masu ra'ayin riƙau suna ɗaukar CFL ɗin lafiya lau, amma da aka manna masa sitika mai cewa a kare muhalli sai da yawansu suka janye hannu. Ƙwai ɗaya, kuɗi ɗaya, sitika ce kawai ta kore su, don ta mayar da sayen ƙwai ya zama kamar ɗaga tutar wata jam'iyya. Da aka daidaita farashin biyun kuwa kusan kowa CFL ya ɗauka, da sitika ko babu.

Abin da ya ƙarasa zancen farashi ne. A watan Maris na 2013, shekara ɗaya ma ba a cika ba, kamfanin Cree ya zuba nasa a kantunan Home Depot, madadin wat 60 a dala 12.97, madadin wat 40 a 9.97, kuma ya yi shi da gilashi da siffar tsohon ƙwai sak don kada ido ya ƙi shi. Bai kai na gasar fitar da launi ba, amma wa ya damu. Daga nan farashi ya yi ta gangarowa har ya zo 'yan daloli, shi kansa Philips ya koma yin masu araha, ɗan ɗorawar nan ya ɓace daga kanta ba a ma yi masa bankwana ba. A 2016 kamfanin General Electric ya ce ya daina yin CFL don kasuwar Amurka. Ƙidayar da hukumar alƙaluman makamashi ta ƙasar take yi ta nuna a 2015 gidaje 4 cikin 100 ne suke amfani da LED a yawancin fitilunsu na ciki, zuwa 2020 sun kai 47.

To wa za a yaba wa? Nan ne nake rabuwa da masu cewa gasar ce ta kawo juyin. Farashin LED da ma yana kan gangara tun kafin a haifi L Prize, injiniya Roland Haitz ya daɗe da lura cewa duk shekara goma kuɗin lumen ɗaya yana faɗuwa ninki goma, sannan masu ƙera talabijin da wayoyi sun riƙa sayen LED da yawan gaske don hasken allo, Sin kuma ta zuba tallafi a injinan ƙera shi har kaya suka yi yawa a duniya. Da gasa da babu gasa ƙwan zai yi araha. Dala miliyan 10 ma a wajen kamfani irin Philips ba wani kuɗi ba ne, sunan suke so. Abin da zan iya ba ma'aikatar da zuciya ɗaya shi ne lokacin da arahar ta iso ba ta tarar da sunan LED a ɓace ba. Akwai hanyar awo, akwai mai saye a ɓoye yana tona asiri, akwai lakabin da mutum zai karanta, akwai kuma ƙwai ɗaya da aka azabtar a bainar jama'a ya nuna cewa abin da ake faɗa mai yiwuwa ne, sauran kamfanoni suka san inda aka kafa sanda. Philips ma ya ce dabarun da ya koya a gasar sun shiga ƙwayayensa na baya masu araha, kodayake wannan maganar mai kaya ce, a ɗauke ta a haka.

Rigimar siyasar ba ta mutu ba. Dokar 2007 ta tanadi mataki na biyu, lumen 45 a kowane wat daga 2020, wanda zai fitar da halojin ma. A 2019 gwamnatin Trump ta taka masa birki, shi da kansa yana tsokanar cewa sabon hasken yana sa shi ya fito ruwan lemo, a Afrilun 2022 gwamnatin Biden ta dawo da shi, aka fara tilastawa sosai ranar 1 ga Agustan 2023, lokacin kasuwa ta riga ta yi nisa. Ɗaya rukunin gasar kuma, na dala miliyan 5 don maye gurbin ƙwan halojin mai haska waje guda da ake kira PAR38, an dakatar an sake buɗewa an sake dakatarwa, ba wanda ya taɓa karɓar kuɗin.

Su kuwa 200 ɗin nan na Richland ba a kashe su ba bayan an ba da kyauta, an bar su suna ci a zafin digiri 45 ana aunawa. Sun cika awa 25,000 a watan Afrilun 2013, wata guda bayan ƙwan Cree na dala 13 ya shiga kanti, babu ko ɗaya da ya mutu, kuma da aka auna matsakaicin haskensu yana nan inda yake ranar da aka fara kunna su.